Ranar Da Ubale Ya Yi Wa Mota Sakiya

A zamanin da mota take baƙuwa a ƙasar Gumel, har in ta wuce tsofaffi kan tofa addu'a su shige zaure, an yi wani maƙeri a bakin kasuwa ana ce masa Ubale. Hannunsa yana da kyau a fartanya da lauje, ba mai musun wannan. Ciwonsa ɗaya ne, bakinsa ya fi zugazuginsa iska. Ya taɓa zuwa Kano sau ɗaya, ya tsaya a tashar jirgin ƙasa, ya ɗora tafin hannunsa a jikin tarago ya ji ɗumi. Da ya dawo cewa yake ya taɓa jirgi. Da aka kwana biyu sai ya zama shi ya gyara jirgin. Daga baya har Turawa sun yi ta roƙonsa ya zauna, shi kuwa ya ce a'a, manoman Gumel suna jiransa.

Dukiyarsa ta duniya ita ce uwar maƙerarsa, dunƙulen ƙarfen nan da ake dukan aiki a kai. Kakansa ya bar wa ubansa, ubansa ya bar masa, kuma in babu ita babu tuwo a gidan. Amma duk sanda ya zuba labari ya ga ana murmushi, sai ya buge ta da masaba ya ce, "In ƙarya nake, a ɗauke wannan!"

Matarsa Zinariya, mai sayar da daddawa, takan leƙo ta katanga ta ce, "Maigida, ka bar jinginar da abin da muke ci da shi. Wata rana za a samu mai ɗauka."

"Ke dai kula da kalwarki," in ji shi. "Ƙarfe ba na mata ba ne."

Ana nan sai Sajo, wani falke mai fataucin fatu, ya sayo tsohuwar mota a hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti, a Kano, har da direba. Sun taho lafiya, suna gab da Gagarawa ta yi tari ta mutu. Da shanu aka jawo ta zuwa Gumel, gari ya fito kallo. A ƙofar gidan Sajo direban ya sa wani lanƙwasasshen ƙarfe a goshinta ya yi ta murɗawa har gumi ya jiƙa masa riga, ko uffan ba ta ce ba. Ya ce zai koma Kano ya zo da makaniki, ya bi ayari ya tafi.

Ubale ya kutsa cikin taro yana ture mutane da gwiwar hannu. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Maigida Sajo, wai makaniki za a ɗauko daga Kano ina raye? Wannan ai jikanyar jirgi ce. Wanda ya yi wa kakarta magani, ita za ta gagare shi?"

Mati wanzami, maƙwabcinsa, wanda ba ya barin maganar Ubale ta faɗi ƙasa, ya ce, "Bara ka ce gaisawa kuka yi da jirgin."

"Gaisuwar masana ai gyara ce, kai me ka sani ban da ƙeyar mutane?"

Sajo mutum ne mai sanyin hali, ga shi yana son ya hau abarsa kafin ɗokin ya huce. Ya ce, "To, Sarkin Ƙira, ka kawo kayan aikinka nan ƙofar gidana, ka duba ta ina gani."

Ubale ya dafe ƙirji. "Ni? In yi aiki a ƙofar gidan wani kamar mai gyaran ƙwarya? A kai ta maƙerata. Jama'a ku shaida, daga yau tana hannuna. In ta lalace, uwar maƙerata taka ce!"

Jama'a suka ce sun shaida. Mati ya fi kowa ɗaga murya. Aka tura mota har rumfar Ubale, Sajo kuma ya hau dokinsa ya tafi Sule Tankarkar sayen fatu, ya bar kashedi ɗaya: a gyara, amma kada kowa ya hau sai ya dawo.

Ubale ya tuɓe riga ya fara aiki. A ganinsa duk abin da yake da ƙafa huɗu yana ɗaukar mutum dabba ne, ko da ƙarfe aka yi shi. Ya buɗe murfin da ke saman hancinta, ya leƙa, ya ce, "Na gane. Cikinta ne ya ɗaure." Ya sa aka jiƙa kanwa a ƙwarya, irin wadda ake ba doki, ya ɗura mata har ta cika. Ya ɗaura mata laya a wuyan ƙahon robar da take kuka da shi. Sa'an nan ya tsuguna yana latsa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, da ya zo ta gaba ta hagu sai fuskarsa ta canja.

"Kun gani? Kumburi. Ƙafar nan ta tara ruwa, shi ya sa ta ƙi tafiya."

Mati ya ce, "Ai duk huɗun haka suke."

"Wannan ta fi tauri. Sakiya za a yi mata."

Ya sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi jajir, ya ce a riƙe ta kada ta yi harbi. Dogo mai kaji da wasu majiya ƙarfi suka rungume motar ta ko'ina. Ubale ya yi bisimilla ya luma.

Ƙarar da ta tashi, har masu sayar da hatsi a can ƙarshen kasuwa sai da suka kwanta. Dogo ya tsinci kansa a cikin kwandon gawayi. Akuyoyi suka tsinke igiya. Ubale kansa yana zaune daɓas a ƙasa, hularsa a kan rumfa, amma ko da ƙura ta lafa sai ya ɗaga yatsa.

"Kun ji mugun iskan da ya fita? Da wannan a jikinta take yawo!"

Zinariya ta leƙo. "Maigida, wa aka harbe?"

"Ba kowa. Magani ne ya kama."

"To ga majinyaciyar can ta durƙusa."

Gaskiyarta, motar ta karkata gefe guda, tayar ta kwanta kamar tsohon takalmi. Ubale bai damu ba. Ya kira baduku, aka cusa wa tayar audugar rimi da tsumma, aka naɗe ta da fatar sa, aka ɗinke da jijiya. Ya ce wannan ta fi ta Turawa, don ba ta fashewa.

Abin da ya rage shi ne ta yi magana. Ya ɗaga murfin inji, ya ga ƙarafa da wayoyi sun harɗe, bai san wa zai fara gaisarwa ba. Sai ya yi abin da maƙeri yake yi in ya rasa dabara, ya ɗauki ƙaramar masaba ya bi kowane ƙarfe ya ba shi ɗaya. Ashe wata waya ce ta goce tun a hanyar Gagarawa, cikin dukan nan ta koma mazauninta, ba tare da shi ko ita sun sani ba. Ya sa lanƙwasasshen ƙarfen a goshinta yadda ya ga direba ya yi, ya murɗa, ya sake murɗawa. Ƙarfen ya dawo ya make shi a haɓa. Mota kuwa ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama ruri jikinta yana rawa.

Kasuwa ta watse, ta sake haɗuwa. Ubale yana tsaye, haɓa a kumbure, hannu a ƙugu.

"Mati, maimaita abin da ka ce game da jirgi."

Mati ya cire hula. "Na tuba, Sarkin Ƙira. Ashe kai ne."

Da a nan ya tsaya, da har yau ana yabonsa. Motar ta yi ta ruri har ta gaji ta yi shiru don kanta, shi kuwa ya ce shi ya ba ta izinin hutawa. Amma kashegari kasuwar Maigatari take ci, inda Buzaye da Fulani da mutanen Damagaram suke haɗuwa, kuma Ubale ya ga bai kamata mutanen Gumel kaɗai su san ko shi wane ne ba.

Zinariya ta ce, "Mai abu ya ce kada a hau."

"Ba hawa zan yi ba, gwaji ne. Ki zo in kai ki, kafin ki gama gyara ɗankwali mun isa."

"Ni da jakina mun saba. Shi in na ce ya tsaya, tsayawa yake."

Da safe ta ɗora daddawarta ta kama hanya. Da hantsi ya ɗaga, Ubale ya naɗa rawanin da bai taɓa naɗawa ba sai da salla. Mati ya zauna kusa da shi da zabirarsa. Dogo ya hau baya da kwandon kaji, wani kuma ya roƙa aka ɗora masa rago. Aka murɗa, ta tashi. Ubale ya taɓa wannan, ya taka wancan, ya tura wani dogon ƙarfe da ke gefensa gaba. Mota ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta kwashi rumfar mai goro da kafaɗa, ta fita gari.

Kai, tafiya ta yi daɗi! Ƙafar fatar nan tana ɗingishi, kowane juyi sai ta ɗaga su ta sauke, rago yana kuka, kaji suna amsawa. Manoma suna jefar da fartanya suna hawa bishiya. Ubale yana matsa ƙaho yana ɗaga wa mutane hannu kamar ango. A rabin hanya suka cim ma Zinariya, ya buɗe murya:

"A gai da mai jaki! In mun gama cin kasuwa ma aiko miki da labari!"

Ba ta ko juyo ba.

Sai da rumfunan Maigatari suka bayyana Mati ya ce, "To, Sarkin Ƙira, rage mata, mu sauka a gindin tsamiyar can."

Ubale ya ƙura wa hanya ido.

"Na ce ka tsayar da ita."

"Ina sane."

"To tsayar mana!"

"Direban nan," in ji Ubale a hankali, "tayarwa kawai na ga ya gwada."

Dogo daga baya ya fara salati. Ubale ya ce wa mota, "Tsaya!" Ba ta tsaya ba. Ya yi mata tsaki irin na jaki, ya yi mata irin na doki. Mati ya ce, "Ja linzami!" Ubale ya rungumi sitiyari ya ja da iyakar ƙarfinsa, mota ta karkata ta faɗa kasuwar dabbobi ta ƙofar da ba ƙofa ba.

Raƙuma suka miƙe da dabaibayinsu suna tsalle da ƙafa uku. Shanu suka yi gabas, masu su suka yi yamma. A daidai nan kanwar da ke cikinta ta tafasa, murfin hanci ya yi sama, farar kumfa ta yi ta ambaliya. Wani Buzu ya zare takobi ya ce raƙumin Nasara ya haukace, a soke shi. Kwandon Dogo ya buɗe, kaji suka tashi, zakara ɗaya ya sauka a kan rawanin Ubale ya riƙe gam. Suka zagaya kasuwa, suka sake zagayawa. Duk sanda suka wuce rumfar masu fura sai Ubale ya ce, "Gafara dai! Gwaji ne!"

A zagaye na gaba Mati ya hango wani mutum a tsaye kusa da tarin fatu, baki buɗe. Ashe Sajo ya biyo ta Maigatari daga Sule Tankarkar don ya sayar da wasu.

"Ubale! Motata ce wannan?"

"Ita ce, Maigida! Ka ga ta warke!"

"Sauko!"

"In mun dawo!"

Ba su dawo ba. Ɗinkin baduku ya farke, audugar rimi ta tashi kamar farin hayaƙi, mota ta saki hanya ta nufi marina, inda ramukan baba suke jere cike da shuni. Masu rini suka watsar da sandunansu. Ƙafar gaba ta zurma rami ɗaya, wani abu a ƙarƙashinta ya ce ƙaras, ta dunkuma da hanci ta ɗaga gindi sama. Mati ya sauka a kan tarin toka, Dogo da rago suka sauka tare a rungume. Ubale kuwa ya tashi sama da zakaransa, ya faɗa ramin da ke gaba, tsulum, har rawani.

Da aka jawo shi da gora, ba abin da yake fari a jikinsa sai idanu. Ana cikin matse shi sai ga ƙarar kofato a hankali. Zinariya ta tsayar da jakinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu, bawan Allah. Ko ka ga mijina? Wani mai mota."

Sajo bai yi zagi ba, bai ɗaga hannu ba. Ya koma Gumel ya kai ƙara gaban alƙali, masu rini suka biyo shi da tasu. Ranar shari'a dogarai suka ɗauko uwar maƙera a kan jaki suka dire ta a tsakar zauren, don ita aka jingina. Ubale ya zo ya gurfana. An yi ta dirza shi da sabulun salo da toka, amma shuni ya ce bai san zancen ba, fuskarsa tana ƙyalli kamar sabon turkuɗi. Zinariya ta zauna a bakin ƙofa, idonta a kan ƙarfen.

Alƙali tsoho ne mai son ya ji zance har ƙarshensa. Ya ce, "Kai ne Ubale? An ce ka hau motar mutum ba da izninsa ba, ka karya ta."

"Allah ya gafarta Malam, wa ya gan ni a Maigatari?"

Zaure ya fashe da dariya. Alƙali ya ce, "Fuskarka ta riga ta ba da shaida. Wuce nan."

"To, Allah ya gafarta Malam, gawa aka kawo mini. Ni na tashe ta. Wanda ya tashi gawa ai tukuici ake ba shi."

"Ka tashe ta, an gode. Wa ya ce ka kai ta kasuwa?"

"Gwaji ne."

"Da rago?"

"Don a ji nauyi."

"Da kaji?"

"Su suka nace."

Alƙali ya gyara zama. "A ina aka yi gyaran? A ƙofar gidan mai ita, yana gani?"

Nan Ubale ya manta inda yake, ƙirji ya taso. "Ni? Allah ya kiyaye! Shi ya so haka, na ƙi. Na ce a kai ta maƙerata, tana hannuna. Mati, ba haka aka yi ba?"

"Haka aka yi," in ji Mati. "Har ka ce mu shaida."

Zinariya ta dafe kai.

Alƙali ya ce, "To ka yanke wa kanka. Mai sana'a in ya yi aiki a gidan mai kaya, a gaban idonsa, abu ya lalace ba da ganganci ba, da sauƙi. Amma in ya ɗauke kayan ya kai rumfarsa, lamuni ya hau kansa. Balle kai da aka ce kada ka hau, ka hau har da zakara." Ya juya wajen Sajo. "Zaɓi naka ne. In ka so ka bar masa motar ya biya ka kimarta. In ka so ka karɓi abarka ya biya abin da ya ragu a kimarta. Ko ta wace hanya, ba shi da abin biya sai wannan ƙarfen, kuma da bakinsa ya jingina shi. Sai fa in za ku yi sulhu."

Ubale ya dubi uwar maƙera. Ga gurbin da masabar kakansa ta ci, ga gefen da ubansa ya koya masa lanƙwasa lauje.

Sajo ya yi ɗan tunani ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in na ɗauki ƙarfen nan me zan yi da shi? Ba na ƙira, kuma rabin garin nan a wurinsa suke gyara fartanya. Ya je ya jawo mini motata daga Maigatari. Abin da makaniki zai ci, da ɓarnar masu rini, ya biya da aikin hannunsa a hankali. Amma da sharaɗi. Ya tashi a nan, gaban jama'a, ya ce bai san mota ba, kuma bai taɓa gyara jirgi ba."

Ubale ya zabura. "Har da jirgin?"

"Har da jirgin."

"Maigida, a bar mini jirgin mana. Jirgi me ya yi maka?"

Daga bakin ƙofa Zinariya ta ce, "Dogari, taimaka ka ɗora wa Maigida Sajo ƙarfensa. Ni na iya daddawa, ba zan kwana da yunwa ba."

Dogari ya sunkuya. Ubale ya yi tsalle ya rungume uwar maƙera, ya kwantar da kunci a kanta har ya bar mata tambarin shuni. Cikin wata 'yar murya ya ce, "Ban san mota ba."

Alƙali ya kara hannu a kunne. "Na tsufa, ɗana."

"Ban san mota ba!"

"Jirgin fa?"

Ubale ya rufe ido. "Taɓa shi na yi. Da ɗumi."

Dariyar da aka yi, har dogarin sai da ya jingina da bango. Alƙali ya shafa fatiha, aka mayar da uwar maƙera mazauninta, Zinariya da kanta ta bi jakin har rumfa tana riƙe da igiya.

Kashegari aka ari shanu biyu aka tafi Maigatari. Aka ciro mota, hancinta shuɗi, aka ɗaure ƙafar da ta karye a kan reshen gawo, aka ɗaura igiya. Dole wani ya riƙe sitiyari, Ubale ya hau. Shanu suna ja a hankali, Zinariya tana gefe a kan jakinta. Har suka yi nisa kansa yana sunkuye.

Da suka zo wani ƙauye, mutane suka fito suna kallon shuɗin mutum a cikin shuɗiyar mota. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah! Malam, wannan wace iri ce, ba ta ruri?"

Ubale ya ɗago kai kaɗan. Ya gyara rawani.

"Sabuwar dabara ce, Baba. Ta Turawa mai take sha, tawa harawa take ci. Kuma in ka ce ta tsaya, tsayawa take. Ni na ƙago ta. In ƙarya nake, a ɗauke uwar maƙe..."

"Maigida," in ji Zinariya, ba ta ko juyo ba, "jingina rawanin. Shi ya riga ya lalace."